Korona, ambaliya da makarantun Miga a 2020

Idan ba ka manta ba, a watan Maris 2020 aka rufe makarantun Najeriya saboda korona. A watan Yuli Ministan Ilimi Adamu Adamu ya ce ɗaliban makarantun gwamnatin tarayya ba za su zauna WAEC ba. Daga baya aka sauya shawara: 'yan ajin ƙarshe suka koma ranar 4 ga Agusta, jarrabawa ta fara ranar 17.

Sharuɗɗan komawa kuwa su ne takunkumi, wanke hannu da ba da tazara. A takarda ba laifi. To amma ka duba Miga, a bakin Kogin Haɗeja. Agusta da Satumba su ne lokacin cikar kogi, kuma damunar 2020 ta zo wa Jigawa da mummunar ambaliya. A wannan yanki, idan ruwa ya ci gida, makaranta ake gudu. Ajin da aka ce a rage wa cunkoso, shi ne iyalai za su kwana a ciki. Ina tazara?

A ganina, an fifita abin da sai da kuɗi. Ƙwayar cutar ta fi yaɗuwa a rufaffen ɗaki mai cunkoso, kuma ba ta cika kwantar da yara ba kamar tsofaffi. Buɗe tagogi, raba aji safe da yamma, karatu a gindin bishiya a kan tudu: duk Miga za ta iya. Dogon zaman gida ma yana da nasa hatsarin, don yarinyar da aka aurar a hutun korona da wuya ta sake ɗaukar allo ko littafi.