Gafaka da Tawada

Tun kafin injin ɗab'i ya iso ƙasar Hausa, malamin da ya ji labarin wani littafi, ko Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ko Risala ta Ibn Abi Zaid, ba ya samun natsuwa sai ya aro shi, ya fiƙe alƙalami, ya dafa tawadar bagaruwa, ya shafe watanni yana kwafa bisa takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, wadda fatake ke kawowa ta Tarabulus. Ba a ɗinke warƙoƙin, sai a haɗa su cikin tadarishi, a sa a gafaka. Irin wannan ƙauna, wadda a ganina ta cancanci girmamawa, ita ta sa da Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, aka ɗora littattafansa bisa raƙuma.