Waɗanda suka fara rubuta hushin jinjiri

Jama'a, kun san birgimar yaro. To, ita ma tana da tarihinta.

A shekara ta 1839 aka haifa ma wani masani na ƙasar Ingila, Charles Darwin, ɗa namiji. Uban ya ɗauki littafi yana rubuta duk abin da jinjirin ya yi. Kafin wata 4 ya ga hushi sosai, jini ya taru a fuskar yaron. Da wata 11, in an miƙa mashi abin wasan da ba ya so, sai ya ture shi ya buga. Da shekara 2 da wata 3 ya iya jifar mutane da sanda, kai har da littafi! Sai a 1877 Darwin ya fitar da wannan labari.

A 1931 wata malama a Amurka, Florence Goodenough, ta bi wata hanya. Ta sa iyayen yara 45 su rubuta kowane hushi da lokacinsa. Aikinta ya fi amfani, don ya nuna dalili. Birgima ta fi yawa cikin shekara ta biyu, lokacin da yaro ke so amma baki bai buɗe ba. Daga nan ta riƙa raguwa. Kuma an fi ganinta gab da cin abinci, ko bayan ƙarancin barci, ko in yaro ba shi da lafiya.