Mota na juyi amma ta ƙi tashi: abin da za a duba kafin a sayi kayan gyara

Yau mun ɗauko zancen tsohuwar motar ɗaukar kaya, irin su Hilux da Peugeot 404 ko 504 mai buɗaɗɗen baya. A ƙauyuka da dama ita ce ke kai hatsi da bisashe kasuwa, ita ce kuma ke kai mai naƙuda likita cikin dare. Ranar da aka murza makulli, inji ya yi ta juyi bai kama ba, sai a fara canke: wannan ya ce batir, wancan ya ce pompo, a buga waya ga ɗan'uwa da ke Legas ko Abijan ya turo kuɗi. Sau da yawa abin da ya ɓaci bai kai kuɗin da aka turo ba.

In inji na juyi da ƙarfinsa, demarar na aiki ke nan. Abin da ya rage huɗu ne: mai, iska, wuta, da matsi cikin inji a kan lokacinsa. Ɗaya daga cikinsu ne ya yanke, kuma ana bin su ɗaya bayan ɗaya, a fara da mai sauƙi.

Kafin komi

Kada ku riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15. Ku saki, ku huta kamar minti guda. Murzawa ba hutu na ƙona demarar, ta kuma cinye batir, matsala ɗaya ta zama uku. Batir mai lafiya na nuna wajen volt 12,6 in mota na kashe. In juyin na da nauyi, ku kankare kan batir, ku ɗaure wayoyinsa tam, musamman ta ƙasa da ke haɗe da jikin mota. Sa'an nan ku tabbata akwai mai: allurar tsohuwar mota ba abin amincewa ba ce, ku zura sanda mai tsabta cikin tanki ku gani. Ku buɗe matatar iska ku kakkaɓe, domin ƙurar hanyoyinmu na toshe ta.

In motar gazuwal ce

Injin gazuwal ba ya amfani da tartsatsi, zafin matsi ne ke kunna man. Shi ya sa lokacin ɗari, watan Disamba da Janairu, yake buƙatar bujin ɗumama. Ku murza makulli ku jira fitilar ɗumama ta mutu kafin ku tada. In farin hayaƙi mai warin gazuwal na fita ta salansa, mai na isowa amma zafi bai isa ba, ku sa a gwada bujin da fizibil ɗinsu.

In babu hayaƙi ko kaɗan, mai ne ba ya zuwa. A jikin pompon gazuwal akwai ɗan ƙarfe mai waya guda, shi ke buɗe hanyar mai in an kunna, ya rufe in an kashe. Mutum ɗaya ya murza makulli, ɗaya ya kasa kunne: ya kamata a ji ƙas. In shiru, ku duba wayar da fizibil.

Bayan haka sai iska cikin tiyo, wadda ke shiga in mai ya taɓa ƙarewa ko an canza matatar mai. A kan matatar Hilux akwai ɗan pompon hannu, ku yi ta dannawa har ya yi tauri. In bai taɓa tauri ba, akwai tiyo da ya tsage yana zuƙar iska. In ya yi tauri mota ba ta tashi ba, ku ɗan sassauta noti ɗaya ko biyu na bututun anjektar, a murza har mai ya fito ba kumfa, a ɗaure. Kada ku kai hannu ko ido kusa, man na fita da ƙarfin da ke iya huda fata. A ƙasan matatar kuma akwai mazurarar ruwa, ku kwance ta ku tsiyaye cikin kwalba: ruwa na kwantawa ƙasa, gazuwal na hawa sama.

In motar isansi ce

Ku cire murfin matatar iska, ku leƙa karbirato, wani ya taka totur. In kun ga mai na tsartuwa, mai na zuwa. In babu, ku bi baya: matatar mai, pompo, tiyo. Man ruwa-ruwa da aka zuba daga jarka maras tsabta kan zo da yashi ko ruwa, shi ya sa tacewa da ƙyalle kafin a zuba ke da amfani. In kuwa warin isansi ya cika wuri, buji kuma jiƙe, mai ne ya yi yawa: ku danne totur har ƙasa ku riƙe, ku murza, kada ku yi ta famfawa.

Sai wuta. Ku cire buji ɗaya, wanda ƴan Najeriya ke cewa fulogi, ku maida wayarsa, ku jingina shi da ƙarfen inji nesa da mai, a murza. Shuɗin tartsatsi mai ƙara shi ne lafiya. In ja ne maras ƙarfi ko babu, ku buɗe murfin delko ku duba tsaga, datti ko laima, sa'an nan bobin da wayoyinsa. Da damina, bayan an ratsa korama, goge cikin murfin nan da busasshen tsumma kaɗai kan tada mota. Ku sa alama ga wayoyin buji kafin ku cire su, domin in sun sauya wuri mota ba ta tashi.

Inda za ku dakata

In sautin juyin ya canza, inji na gudu da sauri fayau kamar ba komi cikinsa, ku cire hannu daga makulli. Ga injunan gazuwal na Hilux irin 2L, 3L da 5L, wannan kan nuna kuruwar cikin inji ta tsinke, wadda wasu ke cewa bel. Ana canza ta ne kusan kowane kilomita 100.000, kuma in ta tsinke fistan na iya dukan supap. Ga motar isansi, in kun buɗe delko kuka ga tsakiyarsa ba ya juyawa lokacin da ake murzawa, shi ma aikin gareji ne. Haka in kun tarar da ruwa cikin matatar iska bayan an faɗa gulbi: kada a murza, kada a tura.

Ku guji fesa isansi ko maganin sauro a bakin iskar injin gazuwal. Yana iya kamawa da zafin bujin ɗumama, ya ɓata inji ko ya ƙona mai fesawar. Turawa kuma na taimakawa in batir ya yi rauni, ba ta kawo mai ko wutar da babu.

Ga ƴan'uwa da ke waje, in aka kira ku kan batun mota, ku yi tambaya uku kafin ku tura kuɗi: akwai hayaƙi a salansa? Mai na isowa inji? Sautin juyin ya canza? Makanikin da ya san aikinsa zai amsa su, ya kuma nuna tsohon ƙarfen da ya cire. Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya.