Yadda aka samo tayar A/T, da ranar da ta ci rayuka

1/ Jama'a, duk wanda ya taɓa raka mai Hilux ko akori-kura sayen taya ya ji ana cewa "wannan ten-filai ce, ba ta jin dutse." To ko kun san babu shafi goma a cikin tayar nan? Kalmar ragowar zamanin auduga ce. Ku gyara zama, zaren na yau kan tarihin tayar A/T ne. 🧵

2/ Roba ɗanya ba ta da amana. Zafi ya narkar da ita, sanyi ya sa ta dare. Charles Goodyear na Amurka ne ya gano cewa in aka dafa ta da farar wuta sai ta tsaya daram, ya yi rajistar fasahar a 1844. Da bashi ya mutu a 1860. Kamfanin Goodyear da kuka sani an kafa shi ne a 1898, sunansa kawai aka ara.

3/ A 1888 wani likitan dabbobi a Belfast, John Dunlop, ya yi wa keken ɗansa tayar iska. Tayoyin farko fa ba baƙaƙe ba ne, fari-fari ne. Daga baya aka gano cewa in an cuɗa robar da garin baƙin hayaƙi, ƙarkonta na ninkuwa. Shi ya sa mutumin tambarin Michelin fari ne: tun 1898 aka zana shi.

4/ Yanzu maganar filai. Roba kaɗai ba ta riƙe iska mai ƙarfi, sai da ƙashi a ciki. A da, shafukan zaren auduga ake jerawa, wannan ya karkata dama, na samansa ya karkata hagu. Kana son tayar lodi? A ƙara shafi. Mai goma ta fi mai shida ƙarfi, lissafin ke nan.

5/ Matsalar ita ce duk juyin da taya ta yi, shafukan nan suna gogar juna, gogayya kuma zafi take haifarwa. Ku riƙe kalmar nan, zafi, za mu dawo kanta. Da aka samu nailan da wayar ƙarfe, shafi biyu ko uku suka riƙa yin aikin goma. Sai aka bar tsohon suna a matsayin ma'auni. 10 PR na nufin ƙarfinta kamar na mai shafi goma ne na da.

6/ A yaƙin duniya na biyu motocin Jeep na sojan Amurka sun yi amfani da taya mai manyan haƙora a gicciye. A taɓo sai dai a sara mata. A jiƙaƙƙiyar kwalta kuwa santsi take yi. Haka aka daɗe: ko ka zaɓi tayar jeji ka sha wuya a titi, ko ka zaɓi ta titi ka kafe a jeji.

7/ A 1946 Michelin na Faransa ya yi rajistar sabon gini, radiyal. Zaren ya miƙe daga baki zuwa baki, sai a ɗaura ɗamarar wayar ƙarfe a ƙarƙashin zanen. Zafi ya ragu, mai ya ragu, taya ta ƙara daɗewa. Amma gefenta laushi gare shi, dutse mai kaifi na iya farke shi. Masu shiga jeji suka ce a kai kasuwa.

8/ Sai 1976 kamfanin BFGoodrich ya fito da Radial All-Terrain T/A, radiyal da aka yi don kwalta da burji gaba ɗaya. Don a rufe bakin masu shakka aka kai ta tseren Baja a hamadar Mekziko, inda ake gudun kusan mil dubu cikin duwatsu da rairayi. A 1977 wata akori-kurar Ford mai ɗauke da ita ta lashe rukuninta a Baja 500 da Baja 1000.

9/ Daga nan kowane kamfani ya shiga yin tasa. Haruffan A/T suka zama ado. Mutum bai taɓa sauka daga kwalta ba amma yana son taya mai fuskar jarumta. A nan fa labarin ya ɗauki wata hanya.

10/ A shekarun 1990 Ford na sayar da Explorer kamar ƙosai. Tayoyinta na Firestone ne, ATX da Wilderness AT, wasu akori-kurar Ranger ma irinsu suke sawa. Motar doguwa ce, tana da saurin kifewa. Ford ya ce a ba tayar iska 26, Firestone kuma daga baya ya ce 30 ya kamata.

11/ Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa fiye da kima a kowane juyi, sai ta ɗau zafi. Ka haɗa da gudu, da lodi, da kwalta mai ƙuna. Sai zanen ya ɓare daga ɗamarar waya kamar ɓawon ayaba, mota na tsakar gudu. Ƙasashe masu zafi ne suka fara gani, irin su Saudiyya da Benezuwela. A 1999 Ford ya canza wa masu motar tayoyi a Saudiyya, ba a sanar da mutanen Amurka ba.

12/ Ranar 9 ga Agusta 2000 Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5. Hukumar kula da lafiyar titunan Amurka ta danganta mutuwar mutum 271 da lamarin. A 2001 Ford ya ce zai canza wasu miliyan 13, Firestone ya yanke hulɗar kusan shekara ɗari da shi, kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa. Masana'antar Decatur da aka fi zargin tayoyinta aka rufe ta.

13/ Majalisar Amurka ta yi doka a 2000, daga 2007 kuma ya zama dole sabbin ƙananan motoci su zo da na'urar gargaɗin iskar taya. Wannan 'yar fitilar mai ruwan ɗorawa da take kama da kofaton doki a gaban direba, wadda wasunmu ke cewa "rabu da ita, haka take," bayan gawarwaki aka wajabta ta.

14/ Me ya haɗa mu da wannan? Zafin Sakkwato da Maiduguri da Agadas a watan Afrilu ba sai an ba ku labari ba. Lodinmu kuwa sai wanda ya gani. Ga shi Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Legas a 2008, kasuwa ta cika da na waje da na gwanjo.

15/ Don haka in za ka saya, kada haƙora su ruɗe ka. Duba gefe. LT na nufin ta motar lodi ce. C daidai take da filai 6, D 8, E 10. Amma E ba ta ɗaukar cikakken lodinta sai da cikakkiyar iska, galibi har 80. Ka sa mata 35 ka lafta buhun masara, kuɗin banza ka kashe.

16/ Sai ka nemi DOT, lambobi huɗu na ƙarshe. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In uku ka gani, tun kafin 2000 aka yi ta, gudu ka yi. Roba na tsufa ko ba a taɓa ɗaura ta ba.

17/ In ka sace iska don rairayi, daidai ne, haka direbobin hamada ke yi. Amma da ka hau kwalta, tsaya wurin mai faci a mayar. Kuma da safe ake awon iska, kafin taya ta yi zafi.

Ku tura wa direban gidanku. Allah ya kiyaye hanya.