Masarautar Karak da Hanyar Ayari

A zamanin Yaƙe-yaƙen Salibi, Turawa sun kafa wata masarauta a kudancin ƙasar Jodan ta yau, tana bin Sarkin Ƙudus. Sarki Baldwin na Ɗaya ya gina ganuwar Shaubak a 1115, ta Karak kuwa a 1142 aka gina ta. Arzikinta kuɗin fito ne daga ayarin Masar da Sham. To, da sarauta ta faɗo hannun Renald, sai ya tura jirage Bahar Maliya a 1183, ya kuma washe ayari ana cikin amana. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Salahuddin ya kama shi a yaƙin Hattin a 1187, ya sare shi da hannunsa. Yunwa ta sa Karak ta miƙa wuya a 1188.