Tarihin Gano Otofaji a Ƙwayar Yis

Otofaji shi ne tsarin da ƙwayar halitta ke bi ta tattara wasu sassan jikinta, ta nannaɗe su cikin tantani mai ninki biyu, ta kai su inda za a narkar da su don a sake amfani da abin da ya fito. Da shi take jure yunwa, da shi kuma take kawar da abin da ya tsufa ko ya lalace a cikinta. An fara lura da shi a ƙwayoyin dabbobi, amma a yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi aka gano yadda yake aiki.

Mafari

A 1955 Christian de Duve, masani ɗan ƙasar Beljiyam, ya gano laisosom, wata 'yar jaka a cikin ƙwaya mai ɗauke da sinadaran narkarwa. Ba da jimawa ba masu duba hanta da ƙodar ɓera a madubin lantarki suka riƙa ganin sassan ƙwayar kanta a ƙunshe cikin irin waɗannan jakunkuna. De Duve ne ya raɗa wa abin suna otofaji a 1963. Daga nan bincike ya yi ta tafiyar hawainiya kusan shekara talatin: ana ganin abin a hoto, amma ba a san ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da shi ba, kuma babu hanya mai sauƙi ta auna shi.

Gwajin Ohsumi

Yoshinori Ohsumi, wanda aka haifa a Fukuoka a 1945, ya buɗe ɗakin bincikensa a Jami'ar Tokyo a 1988. Ya mai da hankali kan bakiyol, babbar jakar da ke cikin ƙwayar yis, wadda masana da yawa a lokacin suka ɗauka juji ce kawai. Tunaninsa shi ne: idan yis na aika kayan jikinsa cikin wannan jaka, dalilin da ya sa ba a ganinsu shi ne saurin narkewa. Don haka ya samo yis ɗin da ba shi da sinadaran narkarwa na bakiyol, ya hana shi naitirojin, ya sa ido a madubi na yau da kullum. Cikin 'yan sa'o'i sai ga ƙananan dunƙulalle sun cika jakar suna ta motsi ba tsayawa. An buga sakamakon a 1992.

Amfanin wannan gwaji shi ne ya ba da alama da ido ke gani. Ɗalibarsa Miki Tsukada ta riƙa tantance ƙwayoyin yis da aka jirkita musu gado, tana neman waɗanda dunƙulallen ba sa taruwa a cikinsu, waɗanda kuma ke saurin mutuwa idan yunwa ta kama su. A 1993 suka bayyana ƙwayoyin gado 15 da otofaji ba ya yiwuwa sai da su. Michael Thumm a Jamus da Daniel Klionsky a Amurka sun kai ga da yawa daga cikinsu ta wasu hanyoyi, kowa da sunan da ya ba su, har sai a 2003 aka haɗu a kan suna guda, ATG.

Yadda tsarin yake

Bayan Ohsumi ya koma cibiyar nazarin halittu ta Okazaki a 1996, aka shiga gano aikin kowane furotin da waɗannan ƙwayoyin gado ke samarwa. Idan abinci ya wadata, furotin mai suna Tor yana danne otofaji. A 1998 aka nuna cewa maganin rapamaisin, wanda ke kashe ƙarfin Tor, yana tayar da shi ko da babu yunwa. Da Tor ya yi sanyi sai Atg13 ya haɗu da Atg1, sauran furotin su taru a wuri guda a gefen bakiyol, wurin da aka bayyana a 2001. Daga nan tantani ke farawa yana faɗi yana lanƙwasa har ya rufe abin da ya kewaye.

Faɗaɗar tantanin ta dogara da ƙulli iri biyu. Noboru Mizushima ya nuna a 1998 cewa ana liƙa Atg12 a jikin Atg5. A 2000 kuma aka gano cewa ana liƙa Atg8 a jikin wani maiƙo na tantanin kansa. Idan jakar ta rufe, ninkin waje ya haɗe da bakiyol, na ciki ya faɗa ciki a narkar da shi, amino asid ɗin da suka fito su koma cikin ƙwaya a gina sabon furotin da su. Daga baya aka gane cewa tsarin yana iya zaɓe: a 2009 aka gano Atg32, wanda ke sa wa maitokondiriya, wani sashe na ƙwayar, alamar a ɗauke ta.

Daga yis zuwa mutum

Yawancin waɗannan ƙwayoyin gado suna da takwarori a jikin dabbobi da tsirrai. A 1999 Beth Levine ta danganta Beclin 1, takwaran Atg6, da hana ciwon daji girma. A 2000 ɗakin binciken Tamotsu Yoshimori ya nuna cewa LC3 shi ne takwaran Atg8, kuma har yau da shi ake auna otofaji a ƙwayoyin mutum. A 2004 aka ga cewa jariran ɓeran da aka cire wa Atg5 suna mutuwa cikin kwana ɗaya da haihuwa. Yanzu ana binciken rawar tsarin a cutar Parkinson, da ciwon daji, da yaƙin jiki da ƙwayoyin cuta irin na tarin fuka.

A 2016 aka ba Ohsumi kyautar Nobel a fannin likitanci shi kaɗai. Ya sha nanata cewa bai fara aikin da nufin neman magani ba, kuma ya yi ta kira da a tallafa wa binciken da ba a hango ribarsa nan take. Aikin bai ƙare ba: sai a 2019 da 2020 aka nuna cewa Atg2 ne ke jigilar maiƙo zuwa sabon tantani, Atg9 kuma yana rarraba shi tsakanin fuskokinsa biyu.