Daga gizago zuwa injin sarƙa: yadda ake fitar da katako a ƙasar Jega

In ka taɓa shiga tsohon soro a Jega, Aliero ko Maiyama, ɗaga kai ka dubi rufin. Azara za ka gani, wato gangar giginya da aka tsage ta a tsaye. Jega ta kafu a bakin gulbin Zamfara tun farkon ƙarni na 19, ta zama babbar kasuwa, amma duk da haka magina ba su da zarton da zai fitar da falanki. Gatari da gizago ne kayan aiki, kuma maƙeran gari ke ƙera su.

Wannan ƙarancin kayan aiki ya yi tasiri har a siffar gidajenmu. Gara ba ta cin azara da sauƙi, sai dai tana lanƙwasawa in ta wuce kusan mita 2 da nauyin ƙasa a kanta. Shi ya sa magina suka koyi ɗaurin baka, domin a samu ɗaki mai faɗi da gajerun itatuwa. Masassaƙi kuwa, in yana son allon ƙofa, sai ya tsaga gungume biyu ya yi ta sassaƙa. Rabin itacen a ƙasa yake ƙarewa.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, dogon zarto na mutum biyu ya fara yaɗuwa. A haƙa rami, a ɗora gungume a kai, mutum ɗaya a sama ɗaya a ƙasa suna ja. Aiki ne mai cin rai, amma gungume ɗaya na ba da falanki da yawa. Daga baya manyan injinan kudu, irin na Sapele, suka riƙa ciko kasuwannin arewa da katako.

Sai injin sarƙa ya zo. Shi an yi shi ne don sare itace, ba don tsaga falanki ba, don haka in aka riƙe shi da hannu kawai, yankan kan karkace. Maganin abu ne da mai walda zai iya haɗawa: firam na ƙarfe da ake ɗaure wa takobin injin, yana zamewa a kan miƙaƙƙen katako ko tsani da aka kafa a bisa gungumen. Tazarar da ke tsakanin firam da takobi ita ce kaurin falankin.

To ga lissafin da ya kamata ka riƙe. Sarƙa na cin kusan milimita 9 a kowane yanka. In falankinka milimita 25 ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na itacen ya zama gari ke nan. Siririn zarton inji kuwa kusan milimita 3 yake ci. Irin wannan asara na cikin dalilan da suka sa Gana ta haramta tsaga katakon sayarwa da injin sarƙa a 1998.

A wurinmu abin ya fi tsanani, domin savana ce, itace ba ya saurin girma. Madobiya ta sha sara har aka sa ta cikin jerin CITES na itatuwan da ake sa ido kan cinikinsu a 2016. Maɗaci na ɗaukar shekaru da dama kafin ya isa yanka, inji kuwa cikin yini zai gama da shi. Idan za ka haɗa firam, haɗa shi da kyau don a rage ɓarna, ka fara da itacen da ya faɗi da kansa, sannan ka nemi izinin jami'an gandun daji kafin ka taɓa mai rai.